Wanda ya kasa fitar da zakka, ya rasa cetonsa ke nan?

Mai Albasa, Marwa:

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Kristi. Wata magana ce ta hana ni barci, kuma ina jin nauyin yi wa fastonmu ita ido da ido, kada a ce hanyar gudun zakka nake nema.

Ni mutumin Bayan Dutse ne, ƙasar Gwoza. A 2014 muka tsallako Kamaru da ƙafa, ni da matata da yara da tsohuwata, muka zauna a sansanin Minawawo kusa da Mokolo. Daga baya wani ɗan'uwa ya jawo ni Marwa ya sa ni a harkar albasa. Da rani nake saye a hannun manoma wajen Meskin, lokacin da ake cira tana araha, in zuba a rumfa in jira damina ta yi nisa farashi ya hau, sannan in sayar wa masu lodi zuwa Yawunde da Duwala. Bara abin ya yi kyau, na fitar da zakkata cif. Bana laima ta shiga rumfar. Wanda ya taɓa ajiyar albasa ya san halinta: ta sama ka taɓa ka ji ta garau, ka zura hannu ƙasa ka fito da shi sharkaf da ruwa mai wari. Ni da yara muka yi ta tsinta har dare, abin da ya tafi juji ya fi abin da ya tsira. Kuɗin kuwa ba nawa ne duka ba, akwai na mutane a ciki.

Tun daga lokacin ban fitar da zakka ba. Baiko dai ina sakawa ranar Lahadi, abin da ya samu. Ɗaya bisa goma na me zan fitar, ga bashi a wuya? Ana cikin haka zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da autarmu, har sai da aka ƙara mata jini.

Makon jiya aka yi taron farkawa na dare a wata unguwa, wani baƙon mai wa'azi ya buɗe Malakai sura 3. Ya ce wanda bai kawo zakka ba ɓarawo ne, Allah yake yi wa sata, ya kuma haɗa da 1 Korintiyawa 6 inda aka ce ɓarayi ba za su gaji mulkin Allah ba. Ya ce la'anar nan ce ke cinye jari, ita ke shigo da ciwo cikin gida. Daga nan aka raba ambulan. Matata ta dube ni. Har yau ba ta ce uffan ba, amma na san abin da ke ranta.

A ajin baftisma an koya mana cewa ta wurin alheri aka cece mu, ta hanyar bangaskiya, ba don ayyukanmu ba. To in na mutu yau da zakkar da ban biya ba, ina na nufa? Sannan wani abu yana ɗaure mini kai. Littafin Firistoci sura 11 ya hana cin kifin da ba shi da ɓawo, amma tarwaɗar Maga kullum tana cikin tukunyarmu, fastoci ma suna ci, ba wanda ya taɓa cewa la'ana ce. Wa ke zaɓen dokar da ta rage a kanmu da wadda ta wuce?

Tsohon Mai Bishara, Garwa:

Ɗana, sannu da asara, Ubangiji ya ƙara wa yarinya lafiya. Bari in fara sauke maka nauyin kafin bayani: ba ka rasa cetonka ba, kuma babu la'anar Malakai a gidanka.

In an karanta maka aya, ka riƙa tambaya da wa ake magana. Malakai ya yi annabci ne ga Yahudawan da suka dawo daga bauta a Babila, a ƙarni na biyar kafin haihuwar Almasihu. An sake gina Haikali, amma jama'a sun yi sanyi. Duba Nehemiya sura 13, za ka tarar Lawiyawa da mawaƙa sun bar aikin Haikali kowa ya koma gonarsa, don an daina ba su rabonsu. Ɗakin ajiyar da Malakai yake cewa a cika, ɗakuna ne na gaske a jikin Haikali inda ake zuba hatsi da ruwan inabi da mai. Zakkar ita kanta, bisa ga Littafin Firistoci 27, daga amfanin ƙasa ce da dabbobi, kowace ta goma da ta wuce ƙarƙashin sandan makiyayi. Littafin Ƙidaya 18 ya faɗi dalili: da aka raba ƙasar Kan'ana, kabilar Lawi ba ta sami gādo ba, sai aka ba su zakka a madadin gona.

Akwai kuma wurin da ban taɓa jin masu raba ambulan sun karanta ba, wato Maimaitawar Shari'a 14. A can an ce mutum ya ɗauki zakkarsa ya kai wurin da Allah ya zaɓa, ya zauna ya ci shi da iyalinsa suna murna. In hanya ta yi nisa ya sayar, ya ƙulle kuɗin, in ya isa ya sayi sa ko tunkiya ko abin da ransa ke so. Kowace shekara ta uku kuwa a tara ta a cikin gari domin Balawi da baƙo da maraya da gwauruwa. Ka ji an ce baƙo? Da a Isra'ila ta zamanin Musa ka yi gudun hijirar nan, da kai da tsohuwarka kuna cikin waɗanda za a ɗibar wa.

Yanzu batun la'ana. Alkawarin Sina'i da sharaɗi ya zo, albarka ga mai kiyayewa, la'ana ga mai karyawa, Maimaitawar Shari'a 28 ta jera su. Isra'ila sun karya. A daidai lokacin da Babila ke shirin rushe Urushalima, abin da ya faru a shekara ta 586 kafin Almasihu, sai Irmiya ya faɗa wa mutanen da ke dab da rasa gidajensu cewa Allah zai yi sabon alkawari wanda ba irin na kakanninsu ba: zai rubuta shari'arsa a zuciyarsu, ya gafarta muguntarsu, ba zai ƙara tunawa da zunubinsu ba. Wannan yana Irmiya 31:31-34. A daren da aka bashe shi, Yesu ya ɗauki ƙoƙo ya ce shi ne sabon alkawari a cikin jininsa. Kowane Jibin Ubangiji kana jin kalmomin nan daga bakin fasto. Wasiƙar Ibraniyawa ta kwafo maganar Irmiya ɗungurungum a sura 8, ta ƙara da cewa tunda an ce sabo, na farko ya tsufa ke nan. A sura 7 ta ce in aka sake tsarin firistoci, dole shari'a ma ta sake. Yau ina Lawiyawan? Haikalin kansa Romawa sun rushe shi a shekara ta 70.

Bulus ya fi kowa zafi a kan wannan. A Galatiyawa 3 ya ce duk mai dogara ga ayyukan shari'a yana ƙarƙashin la'ana, don sai ya cika dukanta ba ragi, sa'an nan ya ce Almasihu ya fanshe mu daga la'anar shari'a da ya zama abin la'ana dominmu a kan itace. A Kolosiyawa 2:14 ya kwatanta da takardar bashi da aka soke aka kafa a kan gicciye. Kai ɗan kasuwa ne. In wani ya biya maka bashi aka yage takarda a gaban shaidu, gobe wani ya zo da kwafinta yana ƙwanƙwasa maka ƙofa, za ka sake biya?

Tambayarka ta tarwaɗa, manzanni sun riga sun zauna a kanta. Wajen shekara ta 49 aka yi taro a Urushalima, Ayyukan Manzanni 15, saboda wasu sun ce sai an yi wa Al'ummai kaciya an ɗora musu Shari'ar Musa kafin su sami ceto. Bitrus ya miƙe ya ce don me za a aza wa almajirai karkiyar da su kansu da kakanninsu suka kasa ɗauka, alhali ta wurin alherin Ubangiji Yesu ne kowa ke samun ceto. Wasiƙar da suka aika Antakiya abu huɗu kawai ta ambata: abin da aka yanka wa gumaka, jini, abin da aka maƙure, da fasikanci. Ba kaciya, ba jerin kifi, ba zakka. Abin da ya rage a kanmu shi ne abin da Yesu da manzanni suka sake koyarwa, Bulus kuma ya dunƙule shi a Romawa 13: kada ka yi kisa, kada ka yi zina, kada ka yi sata, duk suna cikin ƙaunar maƙwabci. Aya ta 8 ta wannan surar ma ta ce kada mu riƙe bashin kowa sai na ƙauna. Wannan ta fi shafarka a bana fiye da Malakai.

Ɗan Acaɓa, Kusiri:

Baba, da girmamawa, ni ban gamsu ba. Zakka ta girmi Musa. Ibrahim ya ba Malkisadik ɗaya bisa goma a Farawa 14, shekaru ɗaruruwa kafin Sina'i, Yakubu ma ya yi wa'adin haka a Betel. To in Shari'a ta wuce, ai abin da ya riga ta bai wuce ba. Yesu da kansa a Matiyu 23:23 ya ce a yi gaskiya da jinƙai da aminci ba tare da an bar zakka ba. Kuma wasiƙar Yakubu ta ce bangaskiya ba tare da ayyuka ba matacciya ce. Ni kam tun da na fara cire zakka daga abin da babur ya kawo kowace yamma, na ga bambanci a rayuwata, na gama biyan babur ɗin ya zama nawa. Tsorona shi ne irin wannan koyarwa ta sa mutane su ce ai alheri ne, kowa ya naɗe hannu, majami'u su koma kango.

Ma'ajiyar Zumuntar Mata, Garwa:

Ni ba malama ba ce, kifin Lagdo nake soyawa ina sayarwa, amma na daɗe ina riƙe akwatin zumunta, na san yadda kuɗin majami'a ke shiga da fita.

Yaron nan na Kusiri, tsoronsa ba na banza ba ne. Ku je ƙauyuka ku ga masu bishara. Wani sai ya yi watanni bai ga sisi ba, da gonar gero da ɗan audugar matarsa yake rayuwa, ga shi shi ne mai jana'iza, shi ne mai sulhun aure, shi ne mai raka mara lafiya asibiti da tsakar dare. Bulus ya ce masu shelar bishara su ci daga bishara, 1 Korintiyawa 9:14. Ni ina fitar da ɗaya bisa goma, kuma zan ci gaba, don in ban yanka wa kaina ma'auni ba na san halina, sai kuɗin ya bi ta wajen atamfa da biki. Amma ban taɓa ɗauka cewa da shi nake sayen kujera a sama ba.

Mai Albasa, ɗana, ka sake karanta abin da ka rubuta da hannunka. Bara ka fitar da zakka cif, bana albasa ta ruɓe, bayan ta ruɓe ne ka daina. To la'anar ta riga laifin zuwa ke nan? Laima ce ta shiga rumfa. Zazzaɓi kuwa, wane gida ne a Marwa ko Garwa bai kwantar da yaro ba a watan Agusta da Satumba? 'Ya'yan masu zakka da na marasa zakka gado ɗaya ake haɗa su a asibiti. Da almajirai suka ga makaho suka tambayi Yesu ko shi ne ya yi zunubi ko iyayensa, cewa ya yi ba shi ba ne, ba kuma iyayensa ba.

A 2 Korintiyawa 8:12 an ce ana karɓar bayarwa gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba. Kai bana riba ba ka da ita. Kuɗin da ke hannunka na masu binka ne da na maganin yarinya. In ka kwashe ka zuba a ambulan, kayan wani ka bayar, kuma 1 Timoti 5:8 ta yi magana mai kaushi a kan wanda bai kula da iyalinsa ba.

Wani abu kuma da ke ci mini rai, ku yi haƙuri. Ambulan ɗin irin wannan taro, a littafin wace majami'a ake rubuta shi? Baƙo zai kwashe ya hau mota, fastonka da ya zo duba 'yarka a asibiti yana nan da takalminsa ɗaya.

Tsohon Mai Bishara, Garwa:

Mama ta faɗi abin da ni ban iya faɗa ba. Ɗana na Kusiri, Allah ya sa albarka a babur, ka ci gaba da bayarwarka, ba wanda ya hana. Amma ka koma Farawa 14 ka karanta har ƙarshe. Ganimar yaƙi ce Ibrahim ya fitar wa ɗaya bisa goma, sau ɗaya aka rubuta ya yi, ba wanda ya umarce shi, sauran kayan kuma ya ƙi riƙe ko zare ɗaya. Kaciya ma ta girmi Musa, tun Farawa 17 take, duk da haka Bulus bai yarda a tilasta wa Titus ba. Abin da aka lasafta wa Ibrahim adalci yana sura 15, aya 6: ya gaskata Ubangiji.

Matiyu 23 kuwa, Farisiyawa ake yi wa faɗa, mutanen da ke ƙarƙashin Shari'a, Haikali na tsaye, gicciye bai zo ba tukuna. Suna ƙirga ganyen na'ana'a suna fitar masa da zakka, sun bar gaskiya da jinƙai da aminci. A Luka 18 mutumin da ya tsaya yana faɗa wa Allah cewa yana azumi sau biyu a mako yana fitar da zakkar duk abin da ya samu, ba shi ne ya koma gida baratacce ba. Mai karɓar haraji ne, wanda ya tsaya can nesa yana bugun ƙirji.

Yakubu gaskiya ya faɗa, ni ma ina koyar da shi. Sai dai ka duba misalin da ya kawo a sura 2: ɗan'uwa ba tufa ba abinci, ka ce masa ya sauka lafiya ba ka ba shi komai ba. A zancen da muke yi, ɗan'uwan nan shi ne Mai Albasa. Afisawa 2 ta jera abin daki-daki, aya 8 da 9 ceto kyauta, aya 10 kyawawan ayyukan da aka halicce mu dominsu. Mutanen Makidoniya da ke cikin matsanancin talauci har roƙon Bulus suka yi ya karɓi gudummawarsu, ba wanda ya tsorata su da la'ana. Mu da muka tashi a ikilisiyar Lutheran mun san inda haɗa kuɗi da gafara ke kaiwa, a kan wannan ne Martin Luther ya rubuta batutuwansa 95 a shekarar 1517.

Katakis, Mokolo:

Baba ya taɓo mu 'yan Katolika, to bari in sa baki kaɗan. Cinikin takardun sassauci, wato na rage horon zunubi, da aka yi a zamanin Luther ɓarna ce, Ikilisiyar Katolika ma ta gane haka, Paparoma Pius na Biyar ya soke duk wanda ya haɗa da biyan kuɗi a 1567. A ranar 31 ga Oktoba 1999 kuma, a birnin Augsburg na Jamus, wakilan Katolika da na Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu a sanarwa guda, cewa ta wurin alheri kaɗai, cikin bangaskiya ga aikin ceton Almasihu, ba don cancantarmu ba, Allah yake karɓarmu ya ba mu Ruhu Mai Tsarki, wanda ke sabunta zuciya ya kira mu ga ayyuka nagari. Akwai sauran wuraren da muka bambanta, ba na ɓoyewa, amma a kan tambayar ɗan'uwanmu bakinmu ɗaya. A wurinmu doka ita ce kowa ya taimaki ikilisiya gwargwadon ƙarfinsa, ba a yanka kaso ba.

Na yi hidima da mutanen Minawawo, na ga matan da rabon abincinsu bai kai ƙarshen wata ba suna kawo ɗan kwanon masara gaban bagade. Na kuma ga waɗanda ba su da ko wannan, suna zuwa hannu wofi, a layi ɗaya suke karɓar Jibi.

Mai Albasa, Marwa:

Baba, Mama, Malam Katakis, har da ɗan'uwana na Kusiri, na gode, Ubangiji ya saka. Jiya da dare na karanta wa matata Maimaitawar Shari'a 14 da Galatiyawa 3. Ta saurara har ƙarshe, sai ta ce to in haka ne me ya sa mai wa'azin bai karanta nan ba. Na ce ban sani ba. Ba zan ce ta sake gaba ɗaya ba, don har yanzu tana so mu ware wani abu, ko sefa ɗari biyar ne, ta ce hankalinta zai fi kwanciya. Ban hana ta ba.

Ragowar albasar da ta tsira na sami mai saye, ranar Litinin za a yi lodi. Mutum biyu ke bina, ɗaya ɗan majami'armu ne, ɗayan wani Alhaji ne maƙwabcin rumfata wanda bai taɓa ɗaga mini murya ba tun da abin ya faru. Kuɗin ba zai ishe su duka ba. Baba, wa zan fara ba?

Tsohon Mai Bishara, Garwa:

Wanda ka fara yi wa alkawarin rana, shi za ka fara ba, ko wane ne shi. In ba ka sa wa kowa rana ba, ka raba gwargwadon abin da kowa ya zuba, ka je da ƙafarka ka faɗa musu abin da ya rage da lokacin da kake sa rai. Kada ka aika yaro. Ka kuma je wurin fastonku ka faɗa masa duk abin da ka faɗa mana, ya kamata ya san abin da aka koya wa mutanensa a taron nan.

Ma'ajiyar Zumuntar Mata, Garwa:

Ka bar ta ta saka ɗari biyar ɗinta, amma a akwatin majami'arku. Ka gaishe ta, ka ce Mama ta Garwa ta ce a tabbata yarinya ta shanye maganinta har ƙarshe ko da jiki ya yi sanyi, kuma a duba gidan sauron ko ya huje.